Zaɓen babbar sakandare a Akra: abin da ya kamata mu sani kafin a cika takarda



Duk shekara idan jarrabawar BECE ta gabato, hira ɗaya ce ke yawo a ƙofofin masallatanmu, daga Nima zuwa Madina, daga Sabon Zango zuwa Fadama: wace makaranta za a rubuta wa yaro? Wannan ya ce Achimota ko a fasa, wancan ya ce PRESEC, wata uwa kuma ta ce ita dai kada a raba ta da 'yarta. Bayan 'yan watanni rabon makarantu ya fito, sai ka ga uba ya tare mu bayan sallar magariba da takarda a hannu, ransa a ɓace. Yaro ya ci jarrabawa, makinsa ba laifi, amma bai samu ko ɗaya daga makarantun da aka rubuta masa ba. Wani kuma ya samu makarantar da ake ta addu'a a kai, sai dai a fannin da ba zai kai shi inda yake so ba. Mun ga irin wannan ya ishe mu. Mafi yawansa kuwa tun ranar cika takarda aka yi kuskuren, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware yadda abin yake.

Tun shekarar 2005 ba hedimastoci ke zaɓen ɗalibai da hannu a Ghana ba. Wani tsari ne na kwamfuta mai suna CSSPS yake raba yara zuwa manyan sakandare na gwamnati bisa abin da suka samu a BECE da kuma jerin makarantun da suka rubuta. Hukumar WAEC tana ba kowane darasi daraja daga 1 zuwa 9, inda 1 ta fi kowace kyau. Ana haɗa darajar darussa shida: Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, waɗannan huɗun dole ne, sai a ƙara biyu da yaro ya fi ƙoƙari a cikin sauran. Saboda haka mafi kyawun jimilla ita ce 6, kuma duk yadda lambar ta ƙaru, matsayin yaro ya yi ƙasa. A ce yarinya ta samu 1 a Turanci, 2 a lissafi, 2 a kimiyya, 1 a zamantakewa, sannan 1 da 1 a sauran biyun, jimillarta 8 ke nan. Akwai wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: darajar BECE tana bin matsayin yaro ne a tsakanin duk waɗanda suka zauna wannan darasi a wannan shekara. Yaron da ya saba cin 80 a ajinsu zai iya fitowa da 2 ko 3 idan dubban yara sun wuce shi a faɗin ƙasa. Idan kuma yara biyu suka yi kunnen doki a jimilla, na'ura takan koma ta duba yawan darajar 1 da ainihin makin da kowa ya ci.

Hukumar ilimi ta GES ta kasa makarantun gida-gida. Rukunin A shi ne na waɗanda aka fi rububi, sai B, sai C. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce makaranta ɗaya tak daga rukunin A, kada a wuce biyu daga B, sauran daga C, kuma a haɗa da ta jeka-ka-dawo kusa da gida. Yawan guraben takardar da wasu sharuɗɗa suna canzawa. An yi shekarar gurabe shida, a 2025 kuma aka ba da bakwai. Don haka kada a dogara da yadda aka yi wa yayan yaro shekara uku da suka wuce. A karɓi littafin jerin makarantu na wannan shekarar daga hannun hedimastan ƙaramar sakandare, a karanta sharuɗɗan, wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗalibin masallaci ya karanta masa. Wahalar da ke ciki ita ce, a mafi yawan shekarun da suka gabata, kafin sakamako ya fito ake cika takardar. Wato dai a waɗannan shekarun an yi zaɓen ne a kan hasashe.

Yanzu ga abin da muka fi so a riƙe. A kowane layi na takardar abu uku ake rubutawa a ɗaure da juna: makaranta, da fannin karatu, da kwana ko jeka-ka-dawo. Na'ura ba ta tambayar ko akwai wuri a Achimota. Abin da take tambaya shi ne ko akwai wuri a Achimota, a fannin kimiyya, a ɗakin kwana, ga yaro mai wannan maki. Idan waɗanda suka fi shi maki sun cike wannan ƙofa, sai ta sauka layi na biyu, ko da kuwa akwai wata ƙofa a buɗe a makarantar da bai nema ba. Wannan ne ya sa za ka ji maƙwabci yana ƙorafi cewa ɗansa mai 8 bai shiga ba, ɗan wane mai 12 ya shiga makaranta ɗaya. Sau da yawa ba wata almundahana a ciki. Ɗaya ya nemi kimiyya da kwana, inda yara daga Tamale da Kumasi da Takoradi duk suke cunkoso, ɗayan ya nemi wani fanni da jeka-ka-dawo. Sannan tun da aka fara karatun sakandare kyauta a watan Satumban 2017, gwamnati ta ware kashi 30 cikin ɗari na guraben manyan makarantu ga yaran da suka fito daga ƙananan sakandare na gwamnati. Mafi yawan 'ya'yanmu a nan suke, kuma wannan kaso haƙƙinsu ne.

To waɗanne ne manyan na Akra, kuma me ya bambanta su?

Achimota ce ta fi suna. An buɗe ta a 1927 zamanin Gwamna Guggisberg, tare da Fraser da Dakta Aggrey, kuma tun asali ta gwamnati ce, ba wani coci ya kafa ta ba. Maza da mata take ɗauka, filinta faɗi gare shi, kuma Kwame Nkrumah da Jerry Rawlings da Atta Mills duk sun bi ta cikinta. PRESEC ta Legon ta maza ce zalla. Cocin Presbyterian ya kafa ta a 1938 a Odumase Krobo, aka dawo da ita Legon a 1968, kuma ta yi fice a kimiyya da lissafi. Ga mutanen Madina, tana bakin ƙofa. Accra Academy, ita ma ta maza, an kafa ta a 1931, tana Bubuashie gefen Kaneshie, ba nisa da Fadama da Darkuman. St. Thomas Aquinas da ke Cantonments ta Katolika ce, an buɗe ta a 1952, ta maza, kuma ba ta da ɗakin kwana ko kaɗan; duk ɗalibinta gida yake kwana. Ga mata akwai Accra Girls, wadda aka kafa a 1960, tana nan jikin Mamobi, yarinyar Nima za ta iya takawa da ƙafa. Akwai kuma St. Mary's a Korle Gonno, ta Katolika, wadda ta fi kusa da mutanen Sabon Zango.

Abin da ya fi jan hankalin yaranmu wajen zaɓe shi ne gasar kacici-kacici ta kimiyya da lissafi ta ƙasa, wadda ake nunawa a talabijin kowa na ihu kamar ana ƙwallo. PRESEC ta ɗauki kofin sau 8 zuwa 2023, Prempeh College ta Kumasi sau 5, Achimota sau 2. Ba mu raina wannan ba, makarantar da ke yawan kaiwa ƙarshe lallai tana da malaman kimiyya na gaske. Amma mu tuna yara biyu ne ke zaune a kan dandalin, an tsamo su daga cikin ɗaruruwa, an keɓe su ana horar da su wata da watanni. Ɗanka zai iya yin shekara uku a makarantar bai taɓa shiga wannan ɗaki ba. Abin lura kuma, Aquinas ta ɗauki kofin a 2013, alhali yaranta a tirotiro suke zuwa kullum. Duk mai cewa sai a ɗakin kwana ake karatun kirki, ya tsaya a nan ya yi tunani.

Tambayar da ta fi kofi amfani ita ce: a fannin da ɗanmu zai shiga, yara nawa suka zauna WASSCE bara, nawa suka fito da A1 zuwa C6 a lissafi da Turanci da darussan fannin? Jami'o'i irin su Legon da KNUST daga C6 zuwa sama suke ƙirgawa. Makaranta takan yi ƙarfi a wani fanni ta yi rauni a wani, kuma sunan da take da shi a gari ba ya nuna wannan.

Maganar fanni kuwa, nan ne muka fi ganin asara. Fannonin da takarda ke kawowa sun haɗa da kimiyya zalla, da General Arts mai ɗauke da tarihi da gwamnati da tattalin arziki da adabi da harsuna, da kasuwanci, da tattalin gida, da zane-zane, da noma, da fasaha. Yaron da ke son likitanci ko haɗa magunguna, fannin kimiyya ne hanyarsa. Mai son injiniyanci yana buƙatar lissafi mai zurfi da fiziks. Mai son aikin lauya zai iya bi ta General Arts hankali kwance. Dabarar da wasu ke bayarwa a unguwa ita ce a rubuta wa yaro fannin da ba a rububi don ya samu shiga babbar makaranta, in ya shiga a roƙi hedimasta ya canza masa. Mun ga waɗanda suka gwada. Azuzuwan kimiyya a irin waɗannan makarantu cike suke maƙil, ɗakin gwaje-gwaje yana da iyakar mutanen da yake ɗauka, kuma ba wanda ya yi maka alkawarin canji. Sai yarinyar da tun tana firamare take cewa likita za ta zama ta ƙare a ajin da ba a koyar da kemistiri, saboda mahaifinta yana son a ce 'yarsa tana makaranta kaza. A ganinmu, idan sunan makaranta da fanni suka ci karo, fanni ya kamata a bi. Kimiyya a makarantar rukunin B mai malamai tsayayyu tana kai yaro makarantar likitanci. Fannin da ba shi ba, ko a Achimota ne, ba ya kaiwa.

Haka kuma kada a tura kowane yaro kimiyya don kawai ita ce ake yabo. Yaron da lissafi ke ba shi wuya tun ƙaramar sakandare, in aka jefa shi cikin waɗanda suka fito da 6, zai yi shekara uku yana bin baya yana jin kunya. A duba takardun sakamakonsa na shekara uku da na jarrabawar gwaji, a zauna da malamin lissafinsa a ce ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. A kuma tambayi yaron kansa, ba a gaban taro ba.

Akwai kishiyar wannan kuskure, kuma ita ta fi yawa a zangunanmu. Wata mai bincike kan tattalin arziki, Kehinde Ajayi, ta bi diddigin takardun zaɓen makarantu a Ghana, ta gano cewa yaran da suka fito daga ƙananan makarantu marasa galihu sukan nemi makarantun da ba su kai ƙarfinsu ba, idan aka kwatanta su da masu maki irin nasu daga makarantun masu hali. Mu ba sai an gaya mana ba, mun sani. Sau nawa muka ji uba yana cewa wannan makaranta ta 'ya'yan manya ce, ba irin tamu ba? Na'ura ba ta san sunan uban kowa ba. Idan malamai sun shaida yaro na da ƙoƙari, a rubuta masa makarantar rukunin A a layin farko ba tare da tsoro ba, domin in bai samu ba na'ura za ta sauka layi na gaba. Inda ake faɗuwa shi ne a cika duk layukan da makarantun da kowa ke so, a fanni mafi cunkoso, duk da kwana, sai yaro ya zame daga sama har ƙasa bai samu inda zai kama ba. Layin farko na buri ne. Na tsakiya a sa waɗanda makin gwajinsa ya kai da gaske, irin su Labone, ko West Africa ta Adenta, ko Odorgonno ta Awoshie, ko Wesley Grammar ta Dansoman, gwargwadon inda mutum yake zaune da rukunin da littafin bana ya sa kowacce. Na ƙarshe kuwa a sa wadda ko jarrabawa ta zo da tangarɗa zai samu. Kuma kada a rubuta makarantar da aka san ba za a bar yaro ya je ba, don in ta faɗo a kanta, fita da wuya.

Kwana ko jeka-ka-dawo ba magana ce da za mu yanke wa kowa ba, gida-gida take. Karatu kyauta ya ɗauke kuɗin makaranta da na kwana da abinci da littattafan darasi, masu jeka-ka-dawo kuma an tanadar musu abinci sau ɗaya a rana. Duk da haka ɗan kwana sai an saya masa katifa da akwatin ƙarfe da akwatin katako na abinci, a cika shi da gari da shito da sukari, a sake cikawa ranar ziyara. Ɗan jeka-ka-dawo kuɗin mota ne kullum, da gajiyar hanya. Yaron da ke Ashaiman aka ba shi jeka-ka-dawo a Kaneshie, kafin asuba zai fita, bayan magariba zai dawo, yaushe zai buɗe littafi? A auna hanyar da safiyar Litinin, ba da yammacin Lahadi ba. A kuma dubi gidan da gaskiya. Idan ɗaki ɗaya ne da ƙanne biyar da talabijin a kunne, ko kuma yarinya ce da za ta dawo ta tarar da tukunyar wake da shinkafa ta sayarwa tana jiranta, ɗakin kwana da karatun dare na dole zai fi mata. Idan kuwa akwai natsuwa a gida, makarantar tana kusa, yaro yana tsakiyar hadda ko karatun littattafai wurin malaminsa, jeka-ka-dawo a babbar makaranta riba biyu ce, ga shi sau da yawa cunkosonta bai kai na kwana ba. A tambaya kuma ko makarantar tana cikin tsarin karɓa-karɓa da aka shigo da shi a 2018, inda ake raba ɗalibai kashi biyu wasu na aji wasu na hutu. Dogon hutu a tsakiyar shekara yana nufin kuɗin darasin ƙari, ko kuma yaro yana zaune a bakin titi.

Sai batun ibada, wanda ba za mu tsallake ba domin da yawa daga manyan makarantun nan coci ne ya kafa su, ko da yake gwamnati ke biyan malamai da tura ɗalibai. Kowa na tuna abin da ya faru a azumin 2021 a Wesley Girls, wadda take Cape Coast amma iyayen Akra da yawa suke rubutawa: an hana ɗaliba Musulma azumi, GES ta ba da umarnin a bar masu so su yi da rubutaccen izinin iyaye, cocin Methodist ya ce bai amince da umarnin ba. A wannan shekarar ce kuma Achimota ta ƙi karɓar wasu yara biyu 'yan Rasta saboda gashinsu, har babbar kotu ta yanke hukunci a ƙarshen watan Mayu cewa a karɓe su. Ba mu kawo waɗannan don mu tsorata kowa ba. Dubban 'ya'yan Musulmi sun gama makarantun coci da addininsu lafiya lau, sun zama likitoci da alƙalai, kuma da iyayensu sun ja baya da ba mu same su ba. Abin da muke cewa shi ne dokar cikin gida ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta, har ma daga hedimasta zuwa wanda ya gaje shi. A bincika kafin a rubuta: akwai wurin sallah? Ana barin yara su fita Juma'a ko su yi ta a ciki? Yaya ake yi da sahur? Taron ibadar safe da na Lahadi dole ne ga kowa? Me doka ta ce kan rufe kai? Akwai reshen ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA, da malamin da ke tsaya musu? Amsar gaskiya tana wurin ɗaliban da ke aji biyu da aji uku a yanzu, kuma kusan kowane masallacinmu yana da su a sahu. Muna roƙon ɗalibanmu na sakandare da na jami'a su ware rana ɗaya kafin cika takarda su zauna da ƙannensu da iyaye. Wanda ya samu hali ya taka ya ga makarantar da idonsa, ya leƙa ɗakin kwana da banɗaki da famfo, zuwa da kai ya fi aike.

Ranar cikawa uba ko uwa ko mariƙi ya je da kansa. Kada a bar wa yaro da abokansa, kada kuma a bar wa malami ya cika a madadin kowa don sauri. Kowace makaranta da kowane fanni suna da lambarsu, kuskuren lamba ɗaya kan kai yaro wani gari. A duba cewa makarantar tana koyar da fannin da aka rubuta, a duba ta maza ce ko ta mata, a sa hannu, a ɗauki hoton takardar a waya a ajiye. Mai son yin istihara ya yi ta bayan ya gama bincike da shawara.

In rabo ya fito yaro bai samu ko ɗaya ba, ba ƙarshen hanya ba ce. Shafin CSSPS yana da sashen da ɗalibi ke zaɓar wa kansa daga makarantun da suka rage da gurabe, kuma wurare masu kyau suna ƙarewa cikin kwanakin farko, saboda haka a je shagon intanet da wuri tare da babba. GES kan buɗe cibiyoyin sauraren ƙorafi a lokacin, ga wanda aka tura makarantar da ba jinsinsa ba ko aka ba shi jeka-ka-dawo a gari mai nisa. A daidai wannan lokaci ne kuma masu cewa suna da hanya a ma'aikata ke fitowa. A watan Janairun 2023 'yan jaridar The Fourth Estate sun fallasa yadda wasu ke karɓar dubban sidi suna sayar da gurabe a manyan makarantu. Rabon makaranta kyauta ne. Wanda ya biya, in an yi masa aikin, gurbin ɗan wani da ya fi maki aka cire aka ba nasa, mai yiwuwa ɗan maƙwabcinsa ne a sahu. In ba a yi ba, kuɗinsa sun tafi kuma ba inda zai kai ƙara. Duk wanda aka tunkara da irin wannan tayi ya sanar da hedimastan ƙaramar sakandaren yaron ko ofishin ilimi na gundumarsa, ya kuma faɗa wa limamin unguwa don a yi shela bayan sallah.